Bawul ɗin ƙarfe, gudan jini da lissafin kwamfuta

Jama'a masu saurarenmu a Sabha, Murzuƙ, Gatrun da Ubari, da waɗanda muryarmu ke riska a Dirku da Agadas: Kamar yadda muka saba, ga shirin lafiya na wannan mako a rubuce, domin wanda yake daji da dabbobi ko yake kan hanya lokacin da aka watsa shi. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Abin da ya jawo maganar saƙon murya ne da wani direba ya aiko mana, mai jigilar kaya tsakanin Agadas da Sabha. Ƙanwarsa ce aka yi wa aikin zuciya shekara biyu da suka wuce, aka sa mata bawul na ƙarfe, aka ce za ta sha maganin tsinka jini iya rayuwarta. Sai ga ɗansa ya nuna masa a waya cewa wai Turawa sun ƙera kwamfuta mai gaya wa mutum tun da wuri ko jini zai daskare a kan bawul ɗinsa ko ba zai daskare ba. Shi ne yake tambaya: in kwamfutar ta ce lafiya lau, yarinyar za ta iya ajiye maganin ta huta? Domin, in ji shi, neman maganin da zuwa awon jini sun fi aikin kansa wahalar da su.

Malam direba, amsa a taƙaice tukuna, kada takardar ta yage kafin ka kai ƙarshe: labarin akwai gaskiya a cikinsa, amma kada ta ajiye maganin nan. Babu kwamfutar da likitoci suka yarda ta sallami mai bawul ɗin ƙarfe daga shan magani. Sauran bayanin kuwa ya cancanci a zauna a ji shi, don wanda ya gane abin da kwamfutar ke gani shi zai fi gane dalilin da ya sa ba a wasa da ƙwayar.

Ƙofa huɗu, da abin da ke lalata su

Duk wanda ya yi aikin ban-ruwa a gonakin da ke kewaye da Sabha ya san bawul ɗin da ke ƙasan tiyo, wanda ke barin ruwa ya hau amma ya hana shi komawa rijiya. Ranar da ya lalace, inji na ta kuka, ruwa ba ya zuwa. To zuciya tana da irinsa har guda huɗu. Larabawan nan suna ce masa sammam. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini wajen lita 5 a minti ɗaya in mutum yana zaune, kuma a kowane bugu sai ƙofofin nan sun buɗe sun rufe.

A Turai da Amurka yawanci tsufa ne ke lalata bawul. Yakan taurare, kamar farin dattin nan da ke kama gindin butar shayi in ruwan rijiya na da gishiri. A wajenmu labarin daban ne. Yaro ne zai yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a ba shi farasitamol ko a kai shi wajen wanzami a cire beli, ya warware, a manta. Alhali wata ƙwayar cuta ce da allurar fenisilin ke kashewa. In ba a kashe ta ba, a jikin wasu yaran sai garkuwar jiki ta rikice, ta juya kan gaɓoɓi da bawul ɗin zuciya. Ciwon ya yi ta dawowa, bawul ya yi ta tabo, har ya ƙanƙance ko ya kasa rufuwa. Sai a shekara 20 ko 25, sau da yawa lokacin cikin fari, mace ta fara haki da kumburin ƙafa. An ƙiyasta fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, kuma yana kashe fiye da 300,000 a shekara.

Akwai wani babban bincike mai suna REMEDY da aka wallafa a 2015. Ya bi marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku kuma mata ne. Ku riƙe wannan lamba ta 28, za mu dawo kanta.

In bawul ya lalace har ba ya gyaruwa, sai a cire a sa wani. Masu hali a Libiya sukan nufi cibiyar zuciya ta Tajura kusa da Tarabulus, ko Bangazi, da yawa kuma su tsallaka Tunusiya. Talakawa daga ƙasashe da dama sun daɗe suna zuwa cibiyar Salam ta Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana aiki kyauta, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya sa hanyar ta yi wuya.

Bawul ɗin da ake sawa iri biyu ne. Akwai na nama, wanda ake ɗinkawa daga fatar da ke lulluɓe da zuciyar sa, ko daga bawul ɗin alade. (Wanda wannan ya dama ya faɗa wa likita tun kafin aiki, na sa ma yana nan.) Shi ba ya yawan tara gudan jini, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, kuma a jikin matashi ya fi saurin gajiya, sai an sake buɗe ƙirji. Akwai kuma wanda muke kira na ƙarfe. Na farko da ya yi nasara an sa shi a 1960 a Amurka, aikin wani likita Albert Starr da wani injiniyan famfo da ya yi ritaya, Lowell Edwards: 'yar ƙwallo ce a cikin keji. Daga 1977 aka fara sa mai ƙyaure biyu na kamfanin St. Jude Medical, irin wanda aka fi sawa har yau. Ƙyauren ma ba ƙarfe ba ne, dangin gawayi ne da aka gasa har ya yi tauri da sulɓi. Shi wannan yakan kai mai shi har tsufa bai lalace ba. Aibinsa ɗaya ne: jini ba ya ƙaunarsa.

Inda iska ta mutu

A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da aikinsu toshe rauni. Mu kira su 'yan faci, tunda aikin mai faci suke yi. In ka yanke da wuƙa, su ne ke rugawa su manne da juna, sannan wani zare-zare ya ɗaure su, jini ya tsaya. Rahama ce. Matsalar ita ce in suka yi facin a inda babu huji. Wannan shi ne gudan jini, wanda ake ce wa jalɗa a asibitocin nan. In ya girma a kan bawul sai ya maƙale ƙyauren. In kuma ya ɓalle ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Tun ƙarni na 19 ake danganta wa wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, abubuwa uku da ke haifar da gudan jini: yanayin jinin kansa, yanayin bangon da yake gogawa, da yadda yake gudu. Na ukun nan shi ne fagen kwamfuta, kuma ina ganin babu wanda ya kai mutanen Sahara saurin gane shi.

Ku tuna motar da ta kwana biyu a tsaye tsakanin Madama da Tummo ana iska. Ina yashi ke taruwa? Ba ya zama a gefen da iska ke bugawa. Bayan taya yake taruwa, da bayan dutse, da bayan 'yar ƙaramar ciyawa, wato inda iska ta juya ta yi kewaye ta mutu. Makiyayi yana kallon tudun yashi ya gaya maka daga ina iska ta taso jiya. To haka jini yake yi a bayan ƙyauren bawul da lungunan da ke gefensa: akwai wuraren da yake jinkiri, yana ta zagaye wuri ɗaya, bugun zuciya ya zo ya wuce bai wanke shi ba.

Amma jinkiri rabin labari ne. Ɗaya rabin shi ne gudu fiye da kima. In ka danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwa kan fita da tsiri mai zafi. Bawul mai ƙyaure biyu, ko a rufe yake, akwai 'yar kafa a maƙalinsa da ba ta wuce kaurin gashi ɗaya ko biyu ba. Da gangan aka bar ta, don jini ya riƙa tsartuwa ta baya yana wanke maƙalin. Sai dai 'yan facin da suka bi ta wannan kafa sukan sha murza, murzar kuwa ita ke tashinsu, su zaci rauni suka tarar. Kun ga haɗarin ke nan: a tashe su a wurin gudu, sannan su faɗa lungun da jini ke kwance, su sami sukunin manne wa juna. Kuma ba sau ɗaya ba, kowane bugu.

Yadda kwamfutar ke yi

Babu likitan da zai iya leƙa cikin maƙalin bawul a ƙirjin mai rai ya ga wannan da idonsa. Shi ya sa aka koma lissafi.

Da farko ana ɗaukar hoton sikana na ƙirjin mutum, wanda ke yanka jiki faifai-faifai. Kwamfuta ta haɗa faifan ta fitar da siffar zuciyar wannan mutum da babbar jijiyarsa da bawul ɗin, da faɗinsu da lanƙwasarsu, ba ta kowa ba sai tasa. Sai a ɗauki awon eko, wanda ke nuna saurin jini, a haɗa da hawan jininsa da yawan bugun zuciyarsa. Daga nan kwamfuta ta yanyanka cikin siffar nan zuwa 'yan gidaje ƙanana, kamar gidan dara, sai dai su miliyoyi ne. A kowane gida tana tambaya: jini nawa ya shigo, da wane sauri, ina ya nufa, wane matsi ke kansa? Ta amsa da ƙa'idojin gudun ruwa da wani Bafaranshe Navier da wani masani Stokes na jami'ar Kambirij suka tsara tsakanin 1822 da 1845. Su ne dai ƙa'idojin da ake hasashen yanayi da su, ake kuma ƙera fiffiken jirgin sama. Ta lissafa wannan ƙiftawar ido, ta matsa zuwa ta gaba, har bugu ɗaya ya cika. Bugun da bai kai daƙiƙa ɗaya ba yakan ci wa babbar kwamfuta sa'o'i, wani lokaci kwanaki.

Sannan sai a zuba 'yan faci na ƙarya, dubbai, a cikin jinin ƙaryar nan, a bi sawun kowanne kamar yadda ake bin sawun raƙumin da ya ɓace. Wanne ya bi ta kafar maƙali, murza nawa ya sha, na tsawon wane lokaci, ina ya je ya kwanta, bugu nawa ya yi a can kafin a wanke shi. A ƙarshe hoto ya fito da launi, wuraren haɗari su yi ja.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda waya ke nunawa. Tun 1972 wani masanin lissafi a birnin New York, Charles Peskin, ya ƙirƙiro hanyar lissafa gudun jini a kewayen bawul ɗin zuciya. Ajit Yoganathan na jami'ar Georgia Tech ya shafe shekaru da dama yana auna gudun ruwa a cikin bawuloli, Danny Bluestein na jami'ar Stony Brook kuma ya shahara da bin sawun 'yan faci a kwamfuta don a gyara siffar na'ura tun kafin a ƙera ta. A nan ne, a ganina, lissafin ya fi amfanar mutane zuwa yanzu: a masana'anta. Injiniya zai canza lanƙwasar maƙali kaɗan, ya sake lissafi, ya ga jan ya ragu ko ya ƙaru, ba tare da an gwada a ƙirjin kowa ba.

Abin da ya sake tayar da maganar a 'yan shekarun nan wani sabon bawul ne na nama da ake sawa ba tare da an buɗe ƙirji ba. Ana zura shi ta jijiyar cinya a naɗe, a kai shi zuciya, a buɗe shi a cikin tsohon. Wani likitan Faransa, Alain Cribier, ya fara sa shi a birnin Ruwan a 2002. A 2015 likitoci a Amurka suka ba da rahoton cewa hoton sikana na nuna gudan jini kwance a kan wasu daga cikin bawulolin nan, alhali masu su ba sa jin komai. Wani bincike na 2017 da ya duba mutum 890 ya same shi a jikin kashi 12 cikin 100. Da masu lissafi suka shiga, sai suka nuna cewa tsakanin sabon bawul da tsohon da aka danne gefe akwai wani ɗan aljihu da jini ke kwanciya a ciki, kuma zurfin da aka zaunar da bawul da yadda ya buɗe suna da nasaba da girman gudan. Bayan taya ke nan. A 2021 Hoda Hatoum da Lakshmi Prasad Dasi da abokan aikinsu suka wallafa wata hanyar lissafi ta hasashen wa zai tara gudan bayan wannan aiki. Ina kyautata zaton irin wannan labari ne ɗan malam direba ya ci karo da shi.

Abin da ba ta gani

Yanzu mu dawo kan lambar nan ta 28. Wancan bawul na jijiyar cinya yawanci tsofaffi ake sa wa, 'yan shekara 70 da 80, a ƙofar da ke fita daga zuciya zuwa babbar jijiya. 'Ya'yanmu kuwa matasa ne, ƙofar da ta fi lalacewa a jikinsu ita ce ta tsakanin ɗakunan hagu biyu, wadda likitoci ke kira mitiral, kuma na ƙarfe aka fi sa musu saboda ƙuruciyarsu. A wannan ƙofa jini ya fi tafiya a hankali, ɗakin da ke samanta ya riga ya buɗe ya yi faɗi, sau da yawa bugun zuciyar ma ya rikice. Haɗarin gudan jini a nan ya kusa ninka na waccan ƙofar. Wato rigar da aka fi ɗinkawa a kwamfuta ba awon ƙanwar malam direba aka ɗauka ba.

Na biyu, lissafi ba wahayi ba ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta taɓa yin wani gwaji mai ban sha'awa: ta ba ƙungiyoyin masana 28 siffar bututu ɗaya mai sauƙi, ta ce kowa ya lissafa gudun ruwa a ciki, ita kuma ta auna na gaske a ɗakin gwaji. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna amsoshin sun sha bamban ƙwarai, da yawa sun kauce wa awon gaske. Bututu fa, ba zuciya mai motsi ba. Tun daga nan aka tsaurara ƙa'ida cewa sai an gwada lissafi da awo na zahiri kafin a dogara da shi. Akwai manhajojin da suka sami izini a Turai da Amurka don taimaka wa likita ya zaɓi girman bawul da wurin zaunar da shi kafin aiki. Wannan daban, cewa wance ta daina shan magani daban.

Na uku, kwamfuta ba ta san kowa ba sai wanda aka koya mata. Ga misali daga maganin tsinka jinin kansa. An ƙirƙiri lissafin da ke duba ƙwayoyin gadon mutum ya faɗi adadin warfarin da ya dace da shi. Da aka gwada shi a Amurka kan mutum fiye da 1,000, aka wallafa a 2013, sai aka tarar a wajen baƙaƙen fata ya fi hanyar da ba ta duba gado kuskure, domin bai ƙunshi wasu nau'o'in gado da suka fi yawa a jinin 'yan Afirka ba. Ni wannan ya fi komai tsaya mini a rai cikin duk abin da na karanta don shirin nan.

Na huɗu kuma shi ne namu na kan hanya. Kwamfuta na lissafi da jinin da aka ce mata mutum yana da shi ranar da aka ɗauki hoto. Ba ta san mota ta lalace bayan Dirku ba, ba ta san kwalin magani ya ƙare ba, ba ta san an rufe iyaka ba.

Maganin da shanu suka gano

Makiyaya, wannan labarin naku ne. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa a Kanada da arewacin Amurka, jini ya yi ta zuba bayan dandaƙa ko yanke ƙaho, ya ƙi tsayawa. Wani likitan dabbobi, Frank Schofield, ya gano cewa wata irin harawa ce da ta yi fumfuna. A 1933 wani manomi a jihar Wisconsin ya ɗauko mushen saniyarsa da garwar madara cike da jinin da ya ƙi daskarewa, ya kai wa wani masani Karl Link. Daga nan aka fitar da sinadarin. A 1948 aka fara sayar da ɗan'uwansa, warfarin, a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka yarda a ba mutane. Har yau shi da danginsa ne kaɗai ƙwayar da aka tabbatar tana kare mai bawul ɗin ƙarfe. Wani tsohon bincike da ya tattara rahotanni da yawa ya nuna cewa ba tare da magani ba, kusan mutum 4 cikin 100 ne babban gudan jini ke ɓalle wa kowace shekara. Da magani, kusan 1. Ka lissafa wa 'yar shekara 25 da ke fatan kaiwa 65.

Wani zai ce ai akwai sabbin magungunan tsinka jini da ba sa bukatar awo, ana sayar da su a manyan kantunan magani. Akwai, kuma suna da amfani ga wasu cututtuka. Amma an gwada su a kan bawul ɗin ƙarfe sun gaza. Gwajin dabigatran an dakatar da shi da wuri, aka wallafa a 2013 cewa gudan jini da zubar jini duka sun ƙaru. Na apixaban ma an dakatar da shi a 2022 saboda gudan jini. Don haka in mai kanti ya ce maka ga na zamani da ya fi warfarin, ka gode masa ka wuce.

Wahalar warfarin ita ce sai da awo, wanda ake kira INR, a nan kuma tahalil ɗin siyula. Mai lafiya awonsa kusan 1 ne. Mai bawul ɗin ƙarfe ana so ya zauna tsakanin 2 da 3, ko 2.5 da 3.5 in ƙofar mitiral ce, gwargwadon abin da likitansa ya rubuta. In ya sauka, gudan jini. In ya hau, zubar jini. A binciken REMEDY, cikin waɗanda aka auna, waɗanda awonsu ya faɗa daidai ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kuma in mutum ya daina sha, cikin kwana 4 zuwa 5 kariyar ta tafi. Duk wanda ya taɓa hawa babbar mota daga Agadas ya san kwana 5 ba komai ba ne a wannan hanya.

Akwai 'yar na'urar awo ta hannu, irin su CoaguChek, da ke aiki da ɗigon jini daga yatsa kamar ta masu ciwon suga. Ga mutanen da ke nesa da gari ni'ima ce. Sai dai tsinkayenta ba a so su zauna a zafin da ya wuce digiri 30, mu kuwa mun san abin da bazarar Fazzan ke yi wa cikin mota. Ba a ajiye su a gaban gilashi.

Sunan magani na canzawa a iyaka

'Yan kasuwa, a nan nake so ku buɗe kunne. A Najeriya warfarin ake rubutawa. A Masar da maƙwabtanta za ka ji ana ce masa Marevan, shi ɗin ne dai. Amma a Tunusiya da Aljeriya da ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, Sintrom aka fi bayarwa. Dangi ne, aikinsu ɗaya, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Ƙwayar Sintrom mai miligiram 4 ba daidai take da warfarin mai miligiram 4 ko 5 ba, ta fi shi ƙarfi nesa, shi ya sa aka tsaga ta gida huɗu ana shan kwata ko rabi. Kuma ta fi shi saurin fita daga jiki. Wanda aka yi wa aiki a Safaƙus ya dawo, maganinsa ya ƙare, ya aika a sayo masa "maganin siyula" a wata ƙasa, yana iya shan abin da ya yi masa kaɗan ko ya yi yawa. Mafi muni, wani ya haɗa biyun yana zaton daban-daban ne. In an aike ka, ka tafi da tsohon kwalin a hannu. In dole sai an canza, likita ne zai canza, da awo a kai a kai a makonnin farko.

Sauran magungunan da ke cikin jakar kowane matafiyi su ma suna taɓa awon. Flagyl da Septrin suna ɗaga shi sama. Maganin tarin fuka, rifampisin, yana kayar da shi ƙasa warwas. Diclofenac da ibuprofen da asfirin, da ake sha kamar gyaɗa saboda ciwon baya, suna jawo zubar jini a ciki. Ganyaye kore irin su alayyafo, lalo, rama da zogale ba haramun ba ne gare shi, abin da ake so kada ya yi wata bai ci ba sannan ya kwana bakwai yana cin kwano guda. Ƙaho, tsaga, cire haƙori, kaciya, duk sai likita ya sani. Mai niyyar azumi ya je awo kafin watan ya kama da kuma a cikinsa. Mace mai bawul ɗin ƙarfe kuwa, tun kafin ta ɗauki ciki ya kamata ita da mijinta su zauna da likita, domin warfarin na iya cutar da ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, barinsa haka kawai kuma na iya kashe uwar. Akwai hanyar da ake bi, amma ba a gida ake tsara ta ba.

Shi ya sa, ga wanda ba a riga an yi wa aiki ba, akwai tambayar da nake ganin ta fi hoton kwamfuta nauyi a yau, kuma likitocin zuciya da kansu suna yin ta: daga inda kake kwana zuwa inda ake awon INR, tafiyar kwana nawa ce? Wanda ke cikin garin Sabha, kusa da babban asibiti da ɗakunan awo, lissafinsa daban da na wanda ke bin raƙuma a bayan Gatrun. Kada kunya ta sa ka ce wa likita kana zaune a gari alhali wata takwas kana daji. Ka tambaye shi ko bawul ɗin zai gyaru ba sai an cire ba, ko za a iya buɗe shi da balan-balan ta jijiya, ko na nama ya fi dacewa da rayuwarka duk da cewa wata rana sai an sake.

Malam direba, ga abin da za ka kula da shi a gida. Bawul ɗin ƙarfe yana ƙara, ƙas-ƙas kamar agogo, mai shi da wanda ke kwana kusa da shi sun san sautin. In sautin ya dusashe ko ya canza, ga haki ya dawo, ba ta iya kwanciya sai a jingine, to ƙila ƙyauren ne ya fara maƙalewa. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya sake ta, shi ma haka. In kuma dasashi na jini, ko fitsari ya yi ja, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, awon ne ya hau. Duka ukun asibiti ake nufa a ranar, ba a jira kasuwa ta ci. Tarabulus ta fi kilomita 700 daga nan, don haka a fara da asibiti mafi kusa. A riƙe katin da aka ba ta bayan aiki, mai sunan bawul da girmansa da awon da ake so, a ɗauki hotonsa a waya, a sa wani ya rubuta shi da Larabci da Faransanci, tunda ba a san a wane gefen iyaka za a bukace shi ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma tushen abin: ciwon maƙogwaron yara, yadda ake gane wanda ke bukatar allura, da allurar fenisilin ta wata-wata ga yaron da ciwon ya riga ya taɓa zuciyarsa. Masu tambaya su aiko da saƙon murya kafin ranar Laraba.